Laraba da dare: kwalar wuya da mazantaka a Sifaniya

Yau duk yinin ya tafi a kan dokar tufafi ta 1623, wadda Sarki Filib na Huɗu ya sa wa hannu a Madrid. Dokar ta haramta wa maza babbar kwalar nan mai ninki-ninki da ake kira lechuguilla, don a ganin mahukunta ta mai da mazan ƙasar ragwaye masu son kwalliya.

Sai an ga yadda ake haɗa ta ake gane fushinsu. Lilin ne mai laushi, yawanci daga Holan ko maƙwabciyarta Falandas. A wanke shi, a jiƙa da sitacin alkama, sannan a zura sandunan ƙarfe masu zafi cikin kowane ninki har ya tsaya. A lokacin akwai masu sana'ar wannan kaɗai. Da raɓa ko gumi ya taɓa ta sai ta langaɓe, a koma farko. Mai sanye da ita ba ya iya sunkuyar da kai, balle aikin ƙarfi. Ga kuɗin lilin yana tafiya hannun 'yan Holan, waɗanda ake yaƙi da su. Aka maye gurbinta da golilla, kwali mai tauri da aka lulluɓe da yadi, mai arha, irin wadda ke wuyan sarkin a zanen Velázquez, mai zanen fadarsa. A 1639 kuma aka hana maza tara dogon gashi mai lanƙwasa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake jibga wa baƙo laifin komai. Bajenowa, wato mutumin birnin Jenowa na Italiya, mai ba sarki bashi ana masa kallon marar jarumta, mai tsotse azurfar da ake kwasowa daga nahiyar Amurka. Bafaranshe mai tallar ruwa a titi ana raina shi, alhali shi ke aikin da mai taƙama da asali ke ƙyama. Raini bai tsaya a baki ba: tun da Paparoma ya ba kotunan bincike na coci a yankin Aragon na Sifaniya hurumin shari'ar luwaɗi a 1524, Italiyawa da Faransawa da bayi sun yi yawa cikin waɗanda aka gurfanar, domin ba su da dangin da za su tsaya musu.

Batun tufafi da baƙo ya sake tasowa a Maris na 1766: wazirin Sarki Carlos na Uku, Ba'italiye mai suna Esquilache, ya hana doguwar alkyabba da malafa mai faɗi, ya baza dogarai da teloli su rage tsawon alkyabbar mutane a kan titi. Madrid ta yi bore, sarki ya sallame shi.