Wata shida ina yi wa waya magana kamar mai sambatu

Abin da ya jawo duk wannan faɗuwa ce na yi a kan mashin, damina ce, tayar gaba ta zame, na dafa ƙasa da hannun dama. Mai ɗori yace tsagewar ƙashi ce, sati shida kar in kuskura in wahalar da hannun. To ni kuma shagon kayan masarufi gare ni, komai a waya nake rubutawa, kayan da suka shigo, waɗanda suka fita, wa ya ci bashi wa ya biya. Na gwada rubutu da hagu kwana biyu, wallahi kamar kaza ta yi tonon ƙasa, sai ƙanena ya nuna min ɗan hoton makirfon ɗin nan dake gefen kibod, yace Yaya danna nan ka yi magana kawai ita zata rubuta.

Na ɗauka da Turanci kaɗai abin yake yi, shi yasa ban taɓa kula shi ba. Ashe tun watan Oktoban 2024 Google suka saka Hausa cikin harsunan Afirka da za a iya yi wa Gboard, wato kibod ɗinsu na waya, shifta da su, har da Yarbanci da Ibo da Fijin. Ni ina nan ina wahala da babban yatsa.

Ranar farko da daddare na gwada, gari yayi shiru, nace "buhun sukari biyu, katan ɗin taliya uku, jarkar mai ɗaya" sai ga shi ya fito ɓaro-ɓaro a kan skirin. Kai sai da na yi dariya ni kaɗai, uwargida ta leƙo tana tambaya da wa nake hira da tsakar dare. Daga baya na zauna na karanta tarihin abin saboda mamaki, ashe ba sabo bane. Tun 1952 masu bincike a Bell Labs can Amurka suka ƙera wata na'ura Audrey da take gane lambobi daga sifili zuwa tara, shi ma sai muryar da ta saba da ita. Kamfanin IBM suka yi tasu na'urar Shoebox a farkon shekarun 1960, kalma 16 kacal ta sani. Siri ta zo da iPhone 4S a 2011, Alexa a 2014, manhajoji ne da ake ba umarni da baki, duk wannan tafiyar ana yi babu mu a ciki, don na'urar ba hankali gare ta ba, abin da aka ciyar da ita shi take amayarwa. Whisper na kamfanin OpenAI, mai mayar da magana rubutu, da ya fito a 2022 sauti na awa 680,000 aka ɗura masa, akwai Hausa cikin jerin harsunansa amma kaso mafi tsoka Turanci ne, to kaga wanda ya ci tuwo ya ƙoshi da wanda ya lashi miya ba zasu yi aiki ɗaya ba.

Shago kuma wata duniya ce daban. Na sauke wata ƙaramar manhaja ta lissafi mai karɓar murya, ita na fi amfani da ita da rana, ga janareton maƙwabci yana ruri, ga a daidaita sahu suna ta hon, ga yaro yana cewa a ba shi magi na hamsin, duk sai ta haɗa ta zuba min a layi ɗaya. Na taɓa duba littafin bashi na ga an rubuta "omo biyu kai bar nan", wato lokacin ina korar akuya ne daga bakin buhun gari.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne haruffan nan masu ƙugiya. Kafa daban ƙafa daban, bari daban ɓari daban, kasa da ƙasa ma haka, mu kunnenmu baya ruɗewa amma ita manhajar tana yi. Ina zargin laifinmu ne ma wani ɓangaren, tunda yawancinmu a intanet bama saka ƙugiyar, da irin rubutun namu aka koyar da ita. Sai kuma ƙirga. Ka ce "ashirin ba biyu" kana nufin 18, sai ta rubuta maka 20 da 2. Akwai wani kwastoma na ɗan Maraɗi da yake min lissafi da dala, shi a wurinsu dala ashirin sefa 100 ce, dala ɗaya sefa 5, in na maimaita maganarsa a waya sai ta rubuta dala 20 abinta kamar kuɗin Amurka muke magana. Dole na koma faɗar lamba dalla-dalla kamar mai karanta labarai a rediyo.

Wani abu da ban yi tunaninsa ba sai da ya faru: bashi sirri ne. Rannan na ɗaga waya na faɗi sunan wani bawan Allah da kuɗin da ake binsa, ashe surukinsa na tsaye a bayana yana jiran canji. Ban san inda zan sa kaina ba. Tun daga ranar bashi sai an watse nake shigarwa, lambar sirrin banki kuwa ko da wasa bana faɗa da baki, da hagu nake dannawa ko zai ɗauke ni minti biyar.

Hannu ya warke tuni amma ban daina ba, musamman dogon saƙo, ko in ina ɗaure kaya hannu biyu a cike.

Wadda ta fi ni morar abin dai Umma ce. Ita bata yi boko ba, allo ta yi, ajami take karantawa, shekara da shekaru in zata kira wani sai ta nemi jika ya lalubo mata suna. Saƙon murya na WhatsApp ya rage mata wahala, amma neman suna yana nan. Muka saita mata yadda zata faɗi suna wayar ta kira. Da farko sai ta yi sallama tukuna, ta tambayi wayar ya gajiya, kafin ta zo kan magana har abin ya rufe, nace Umma ba a gaishe ta, umarni kawai zaki bayar, tace ita bata iya wannan rashin ta-idon ba ko da ƙarfe ne.

Ta saba daga baya, tana kiran kowa, sai mutum ɗaya, babban yayanmu. Ɗan fari ne, tunda aka haife shi bata taɓa kama sunansa ba, kuma a wayar da sunansa na yanka aka ajiye lambar. Na ce Umma sau ɗaya ne fa, ba kowa a ɗakin, tace "ɗan nan ka fita idona." Ƙarshe sai goge sunan muka yi muka rubuta Mai Babban Suna, yanzu da safe zaka ji ta daga tsakar gida tana cewa a kira mata Mai Babban Suna, wayar kuma ta kira.