Ranar farko da na kai motata filin tsere na Brands Hatch

Shekara biyu ina hawan Mazda MX-5 ƙirar 2008 a titunan Landan, inda yawancin unguwanni ba a wuce mil 20 zuwa 30 a awa, kafin na yanke shawarar kai ta inda za ta miƙe ƙafa. Na biya kuɗin yini guda a Brands Hatch da ke gundumar Kent. Ba gasa ake yi a irin wannan rana ba, ko auna lokaci ma an hana. Kowa dai ya zo da motarsa ne ya san ta, ya san hannunsa.

Saura mako uku na je wurin bakanikena, wani dattijo ɗan zangon Kumasi, da niyyar a ƙara wa injin ƙarfi a kuma sa sabuwar salansa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ƙanena, yaushe rabonka da canza man birki?" Na ce, "Wallahi Oga, tun da na saye ta ban taɓa ba." Sai ya ce to a bar maganar inji.

A nan na fahimci abin da ban sani ba. Man birki yana shan laimar iska a hankali. Irin wanda ake kira DOT 4, in sabo ne, ƙa'idarsa kada ya tafasa kafin zafi ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. A cikin gari ba za ka taɓa lura ba. A fili kuwa, inda kake danna birki da ƙarfi a kowace kwana, man na iya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Muka zubar da tsohon gaba ɗaya, muka sa mai jure zafi, muka canza fad ɗin birki na gaba da na baya. Baƙin mai, ruwan lagireto da notikan taya kuwa, rabin awa ta ishe su. Salansar ma gara da na bar ta, domin da safe sai da aka gwada ƙarar kowace mota kafin a bar ta ta shiga.

Dare ya yi na kwashe komai daga ciki, har tabarmar ƙafa, don kada wani abu ya gangara ƙarƙashin birki. Na ɗaura ƙugiyar janwe a gaba, na ari hular kwano.

Ƙaramin zagayen filin, wanda ake kira Indy, bai kai kilomita 2 ba, amma kwanar farko, Paddock Hill, gangara ce da ba ka ganin ƙarshenta sai ka faɗa ciki. Na yi bismillah na shiga. Birki bai ba ni kunya ba ko sau ɗaya. Inda na yi sake shi ne taya. Na shiga da iska 29 a ma'aunin PSI, yadda kamfani ya rubuta, na kuma zarce minti 25 ban fito ba saboda daɗi. Can sai na ji gaban motar yana zamewa a kwanar da ake kira Clearways. Da na fito na auna, tayar gaba ta hagu ta kai 36, don filin ta hannun dama ake zagaya shi, nauyin duk a kanta yake sauka. Na rage iskar tun tana da zafi zuwa 32, motar ta dawo hayyacinta.

Kuskure na biyu, ina tsayawa na ja birkin hannu. Wani Bature da ke kusa da ni ya zo da sauri ya ce in sake shi in sa giya, don faifan birkin da ya yi zafi haka fad na iya manne masa. Shi ya koya mini in riƙa yin minti 15 kawai, zagayen ƙarshe kuma in tafi a hankali komai ya huce.

Da la'asar na mayar da iskar taya yadda take kafin in hau titi. Washegari na koma gareji, Oga ya ciro tayar hagun nan, ya shafa gefenta da ya cinye, ya ce kafin zuwa na gaba sai mun mayar da ita baya.