Ƙofar Gidan Amp Fiddler

Na shekara 11 ina kaɗa fiyano a situdiyo kafin wani ya dawo mini da aiki ya ce bai yi ba. Mai sa kiɗa ne a wuraren biki, na girme shi nesa ba kusa ba. Ya zo yana son in haɗa masa kiɗan hawus, wato wani kiɗan rawa da ake haɗawa da na'ura, na minti shida, wanda zai riƙa sawa bayan an ci abinci, kafin ango da amarya su fito fili. Na karɓi kuɗinsa, amma tun kafin ya kai bakin ƙofa na gama raina aikin. A ganina a lokacin, hawus bai wuce ganga ɗaya mai dukan ƙirji ba, dum dum dum dum, huɗu-huɗu har a gaji. Na buɗe kwamfuta, na sa gudun kiɗan a bugu 124 a minti, na jera gangar a kan layi, na yayyafa 'yan sautuka a kai. Awa ɗaya ban cika ba na rufe.

Washegari sai ga shi. Ya ɗosana a gefen kujera, ya cire hula yana juya ta a hannu. "Oga, ka yi haƙuri," ya ce, "komai yana ciki, amma babu rai."

Maganar ta tsaya mini a wuya. Bayan ya fita, yaron da ke mana shara da sayo abinci, ɗan shekara 16, ya matso a hankali da wayarsa mai fasasshen gilashi. "Oga, ko irin wannan yake nufi?" Ya kunna wani kiɗa na wani mutumin Detroit da ake kira Moodymann. Gangar dai irin tawa ce, huɗu-huɗu. Amma a ƙarƙashinta akwai fiyanon lantarki mai taushin amo, yana tafiya kamar mai jan ƙafa, kullum yana ɗan makara kaɗan a bayan gangar, kuma makarar ce ke sa wuyan mutum ya fara kaɗawa. Ga wata murya a sama mai ɗan dishi, ba ta ihu, ba ta gaggawa. Hannuna ya riga kaina ganewa: ba a zana wannan a kan allon kwamfuta ba, yatsun mutum ne suka kaɗa shi. Na nemi sunan mai yatsun, na ga an rubuta Amp Dog Knight. Laƙabi ne na Amp Fiddler. A daren nan ban tafi gida da wuri ba.

Sunansa Joseph Anthony Fiddler, an haife shi a Detroit ta jihar Michigan a Amurka a 1958, ya rasu a watan Disamba na 2023 yana da shekara 65. Makaɗin fiyano ne kuma mawaƙin sol, wato kiɗan baƙaƙen Amurka wanda ya tsiro daga waƙoƙin coci da kiɗan da ake kira blues. Ya fara yawo da ƙungiyar Enchantment, sannan a 1985 ya shiga tawagar George Clinton ta Parliament-Funkadelic, ya zauna da su har 1996. Shekara 11 kenan yana bayan fage, daidai shekarun da na yi ni ma lokacin da na fara jin sunansa. Ya kaɗa wa Prince, ya kaɗa wa Maxwell, ya kaɗa wa Jamiroquai. Shi da ɗan'uwansa Bubz, makaɗin jita mai kaurin amo, sun fitar da faifai a 1990 da sunan Mr. Fiddler, bai yi kasuwa sosai ba. Kundinsa na farko shi kaɗai, Waltz of a Ghetto Fly, sai a 2004 ya fito, yana da shekara 45.

Wannan adadin ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Mu masu kaɗa wa mawaƙa muna da wani ciwo da ba mu cika faɗa ba. Kai ka ɗora karin, kai ka gyara wa mawaƙi inda muryarsa ta zame, amma ranar da waƙa ta fashe hotonsa ne a jikin Keke Napep, kai ko sunanka ba a ambata ba. Na ga abokan sana'a da wannan ciwon ya cinye, suka daina koyon sabon abu, suka koma lissafin wanda ya ci amanarsu. Ni ma na kama hanyar. Amp ya yi zaman nan na bayan mawaƙi fiye da yadda na yi, kuma da ya fito gaba sai aka ji duk shekarun suna cikin yatsunsa. Babu wadda ta tafi a banza.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, me ya haɗa mutum irin wannan, wanda ya taka manyan dandamali na duniya, da yaran da ke buga kiɗa da na'ura a ɗakunan ƙarƙashin gidaje?

Sai da na karanta tarihin garin na gane. Detroit garin ƙera motoci ne, nan Ford da General Motors da Chrysler suka yi ƙarfi, nan kuma Berry Gordy ya kafa kamfanin kiɗa na Motown a 1959. A 1950 mutanen garin sun kusa miliyan 1.85. Daga baya masana'antu suka yi ta rufewa, Motown ta kwashe kayanta ta koma Los Angeles a 1972, garin ya yi ta zubewa har ya bayyana karyewar asusunsa a 2013, ƙidayar 2020 kuma ba ta sami mutum 640,000 ba. Kamfanonin kiɗa sun tafi, amma makaɗan da faifan garmaho da ke jibge a gidajen iyaye ba su tafi ba. Yaran da suka taso a lokacin ba su da kuɗin tara makaɗa goma a situdiyo, sai suka koma wa na'urorin ganga na Roland, irin su TR-808 da TR-909. Akwai wani mai gabatar da shiri a rediyo, Electrifying Mojo, da ke haɗa musu Parliament da Prince da Kraftwerk na Jamus a dare ɗaya. Daga wannan gauraye samari uku da suka yi makaranta a Belleville, wato Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka fito da abin da aka sa wa suna tekno. Derrick May da kansa ya taɓa kwatanta shi da George Clinton da Kraftwerk sun maƙale a cikin lifta ɗaya. A Chicago kuwa hawus ya samo sunansa daga gidan rawa na Warehouse, inda Frankie Knuckles ya fara juya faifan sol da disko a 1977.

Ashe kiɗan da na ɗauka na Turawa ne marar uwa marar uba, jikan sol ne. Amp bai tsallaka wani gida ba, cikin danginsa ya shiga.

Su kuma waɗannan mutanen suna da wata ɗabi'a da ta burge ni. Ba sa neman babban kamfani. Kowa ya buɗe ɗan ƙaramin kamfaninsa, ya buga faifai kaɗan, ya kai shagunan da suka san darajarsa. Underground Resistance, da Mike Banks da Jeff Mills suka kafa, har fuska suke rufewa don kada a bar kiɗa a koma kallon mutum. Moodymann, wanda sunansa Kenny Dixon Jr., shi ma ya sha yin wasa fuska a lulluɓe. Sun fi samun karɓuwa a Turai fiye da gida: gidan rawa na Tresor da aka buɗe a Berlin a 1991 ya zama kamar masaukinsu. Amp ya shiga cikinsu ba tare da jin cewa ya fi su ba. Ya kaɗa wa Moodymann ya kuma rera masa, ya shiga aikin The Detroit Experiment na Carl Craig tare da dattawan jaz irin su Marcus Belgrave, ya bi Theo Parrish yawon wasa a 2014 yana riƙe da fiyano. A 2017 kamfanin Moodymann, Mahogani Music, shi ya fitar masa da kundin Amp Dog Knights. A tsakani ma ya yi aiki da makaɗan Jamaika Sly da Robbie a 2008. Mutumin ba shi da shinge.

Na koma kan aikin mai sa kiɗan bikin nan. Kwana uku na yi. Na bar gangar a kan layinta, domin ita ce ginshiƙi, ita ƙafa ke bi. Amma na kashe abin nan da ke jan kowane bugu ya daidaita shi a kan layi, wanda na saba dannawa ba tare da tunani ba tun ranar da na fara aiki da kwamfuta. Na zauna na kaɗa fiyanon da hannu daga farko har ƙarshe, minti shida cur, ban yanko gaɓa huɗu na maimaita ba. Karo na farko hannuna ya yi ta rige-rige da gangar, don na saba da kiɗan da ke tura mawaƙi gaba. Sai da na koyi jinkiri, in bar gangar ta sauka sannan in biyo ta da ɗan taƙi, abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Na kuma rage yawan abin da nake kaɗawa. A kiɗan da na saba, duk inda aka sami sarari sai na cusa ado. A nan kuwa sararin ne ke ba mai rawa wurin sa jikinsa. Ranar da mai sa kiɗan ya zo ya saurara, bai ce komai ba, kafaɗarsa kawai na ga ta fara motsi.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce na koyi dabara ɗaya ta sana'a. Amma akwai wani ɓangare na labarin Amp da ya hana ni sukuni.

Gidansa yana unguwar Conant Gardens, kuma a ɗakin ƙarƙashin gidan yana da situdiyo da ake kira Camp Amp. Yaran unguwa suna shiga suna fita. A farkon shekarun 1990 wani matashi mai suna James Yancey ya fara zuwa, mai shiru-shiru, yana haɗa kiɗa da kaset. Amp yana da na'urar Akai MPC, wadda ake ɗauko guntun sauti daga faifai a zuba a maɓallanta 16 a riƙa bugawa da yatsa. Kaya ne mai tsada, ba abin da ake bar wa yaro ba. Ya zaunar da shi a gabanta, ya nuna masa, ya bar shi da ita. A 1994, lokacin yawon wasannin Lollapalooza, tawagar George Clinton da A Tribe Called Quest suna tafiya tare, Amp ya kama hannun yaron ya haɗa shi da Q-Tip, ɗaya daga cikin mawaƙan A Tribe Called Quest. Yaron nan shi ne J Dilla, wanda ya sauya yadda ake jin lokaci a kiɗan hip-hop da sol na zamani, da irin makarar nan ta ganganci da na kwana uku ina koyo. Ya rasu a 2006 yana da shekara 32. Na'urarsa ta MPC yanzu tana gidan tarihin baƙaƙen Amurka na Smithsonian a Washington.

Da na karanta wannan sai na ɗaga kai na dubi yaronmu, yana tsugune yana naɗe wayoyin makirufo. Shekara biyu yana tare da mu. A shekara biyun nan, duk lokacin da zan tace sauti sai in aike shi sayo ruwa ko katin waya. Kwamfutata tana da lambar sirri da ba wanda ya sani. Ba mugunta nake ji ina yi ba. Haka aka yi mini lokacin da nake koyo, sai da na riƙa leƙe ta bayan kafaɗa, kuma na ga yadda yaro ke koyon aiki ya buɗe shago a layi ɗaya da maigidansa ya karya farashi. Tsoron na gaske ne, kuma har yau ban ce babu shi ba. Amma yaron nan shi ya san abin da kwastoma ke nufi ranar da ni ban sani ba. Kunnensa ya riga nawa isa Detroit, ni kuma ina aikensa sayo ruwa.

Abin da na lura da shi a rayuwar Amp shi ne, koyarwar ba ta gefe ɗaya ba ce. Ya ba yaran hannu da sanin kari, su kuma suka riƙe shi cikin sabon zamani. Makaɗa da yawa na tsararsa sun tsaya a kiɗan shekarun 1980, shi kuwa yana da shekara kusan 60 matasa na rawa da kiɗansa a Landan da Berlin. J Dilla ma ya sa hannu a kundinsa na 2004. Wanda ya buɗe wa ƙofa ya dawo ta ƙofar da kaya.

Ban yi wani dogon jawabi ba. Wata Asabar da yamma, babu kwastoma, an kawo wuta, na kira shi.

"Zo ka zauna nan."

Ya dubi kujerar, ya dube ni. "Oga, a nan?"

"A nan. Lambar ita ce shekarar da aka haife ni. Buɗe."

Ya goge hannu a jikin wandonsa kafin ya taɓa. Na nuna masa inda ake jera ganga, da inda ake kashe abin daidaitawa, da yadda zai ɗora yatsu uku a kan fiyano su ba da amo ɗaya. Sannan na ɗauki jarka na fita sayo ruwa da kaina. Na daɗe a waje da gangan, na tsaya wajen mai shayi har aka kira magariba. Da na dawo, tun daga matattakala nake jin ganga huɗu-huɗu, da wani kari a kanta wanda ban taɓa kaɗawa ba, mai kama da tafin 'yan mata a dandali. Yatsunsa suna tuntuɓe, amo na biyu ba daidai yake ba. Na tsaya a bakin ƙofa da jarkar a hannu, ban shiga ba sai da ya kai ƙarshe.