Abin da ɓaragurbi ya koya mini

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin gwaje-gwaje a Suwidin shi ne fasa ɓaragurbi. Ƙwan shaho ne, irin shahon nan da ke faɗowa daga sama ya fyauce tattabara tana cikin tashi. Masu lura da sheƙunansu ba sa taɓa ƙwai mai rai, sai wanda uwar ta kwanta a kai har ta haƙura suke kawo mana. Warinsa kuwa ba a cewa komai.

Sinadaran PBDE muke nema, waɗanda ake zubawa a soson kujera da robar talabijin da ta kwamfuta don kada wuta ta yi saurin kama su. Cakuɗa su kawai ake yi da robar, shi ya sa suke sulalewa a hankali su bi ƙura. Ruwa ba ya narkar da su, kitse suke bi. Ƙaramin tsuntsu ya kwasa a abinci, shaho ya cinye shi, uwa ta juye a gwaiduwa.

A zubina na farko na'ura ta nuna BDE-209, wani nau'in PBDE, mai yawa. Na ruga wurin malamata ina washe baki. Ko kallon takardar ba ta yi ba, ta ce, "Me kwalbar da ba ƙwai a cikinta ta nuna?" Kowane zubi ana haɗa shi da irin wannan kwalba, a bi da ita duk matakan da aka bi da sauran. Na koma na duba, ashe ita ma sinadarin na ciki. Na bar bakin kwalabe a buɗe ina shan shayi, ƙurar ɗakin ta sauka. Aikin mako uku ya tafi a banza, da ƙwai huɗu da babu inda za a samo madadinsu.

Daga baya na gane dalilin tsananinta. An daɗe ana cewa ƙwayar BDE-209 ta yi girman da jikin dabba ba zai iya tsotse ta ba. A 2004 masu bincike a Suwidin suka wallafa cewa sun same ta a ƙwan shaho. Da kwalbarsu ta gwaji ta yi datti irin tawa, da masu sayar da sinadarin sun samu abin kamawa. A shekarar ce Tarayyar Turai ta haramta nau'i biyu na PBDE, amma BDE-209 sai a 2017 ya shiga jerin Yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don hana sinadarai masu guba da ba sa saurin ruɓewa.

Tun daga ranar nake rufe kowace kwalba da takardar alminiyom, in kuma kare ta daga haske, domin haske yana farfasa sinadarin.

Da na zo hutu gida, Hajiya ta tarar da ni ina goge bayan tsohuwar talabijin ɗinta da jiƙaƙƙen tsumma. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Kai kuma shara aka tura ka koyo?"