Rangwamen Black Friday da cajar da na ƙona da hannuna

Wallahi har yau in na ji ƙaurin waya ta ƙone, ko a titi nake wucewa, sai na tuna cajar batirin injin huda da na ƙona raina ya ɓaci. Ba ma kuɗin ne suka fi ci min rai ba, a'a, yadda na yi abin da hannuna a gaban yara uku da nake koya wa aiki, ni da kullum bakina baya hutawa wajen ce musu ku riƙa duba jikin inji kafin ku jona shi.

Aikina kafinta ne a nan Kano, kabet ɗin kicin da wadrof da ƙofofi su ne cinikina, kuma duk mai wannan aikin ya san wahalar zuwa sabon gini babu wuta, ka ɗauko janareta ka ɗora a Keke Napep ka sayi fetur don kawai za ka huda rami ashirin ka ɗaura sukuru. Na daɗe ina son injin huda mai batir na kirki, wanda zan jefa a jaka na tafi abina. To akwai ƙanin matata da yake zaune a Houston can Amurka, cikin watan Nuwamban 2024 ya fara turo min hotuna ta WhatsApp, Yaya ga fa kayan aikinku an karya musu kuɗi, in kana so ka yi magana tunda zan zo gida Disamba. Ita Black Friday ɗin ainihinta Juma'ar da ke bin bikin godiya na Amurkawa da ake kira Thanksgiving ce, a shekarar ta faɗo 29 ga wata, amma manyan shagunan kayan aiki irin su Home Depot da Lowe's tun farkon wata suke fara zuba rangwame, su jibge kwalaye a tsakiyar hanya yadda ko ba ka zo saye ba sai ka tsaya. Ba sai na faɗi inda muka saya ko sunan kamfanin injin ba, don su babu ruwansu, sun rubuta komai ɓaro-ɓaro, ni ne ban karanta ba.

Awa bakwai ce tsakaninmu, shi yana cikin shago da la'asar ni kuma ƙarfe sha ɗaya na dare ina kwance muna kiran bidiyo yana haska min kaya, ina cewa ɗauko wancan, ajiye wannan, kamar na je Kwari sayayyar sallah. Abin da kawai nake kallo shi ne tsohon farashin da aka ja wa layi da sabon da aka rubuta da manyan lambobi, ina bugawa a kalkuleta, lokacin dala ta haura naira 1,600. Muka ɗauki kwali ɗaya mai injin huda da na ɗaure sukuru da batir biyu da caja, muka ƙara injin zarto mai batir, da giranda mai waya, da akwatin sifana da soket, sai tarkacen hannu, kilam na matse katako guda takwas, cizal, sukwaya, tef. Da aka zo biya kuɗin suka ɗara lissafina, ashe su can farashin da ke kan kanta babu haraji a ciki, a Houston sai an ɗora kashi 8.25 cikin ɗari. Na ce ba komai, duk da haka an ci riba.

Ya iso lafiya da kaya. Jaka biyu masu kilo 23 ya zo da su kuma ƙarafana sun cinye kusan ɗaya, har yau uwargida tana mitar takalman da aka bar mata a can saboda kilam. Abu ɗaya da ya yi daidai wanda ni ban ma san da shi ba, batiran ya cire su ya sa a jakar hannu, don ba a yarda a jefa batirin litiyam da ba ya jikin inji a cikin kayan da ke shiga ƙarƙashin jirgi ba, su kuma injinan dole ƙarƙashin za su bi.

Washegari da sassafe na kai kwalin shago, yara suka zagaye ni, har maƙwabcina mai walda ya leƙo. Na zaro caja, bakinta ƙarfe biyu ne falan-falan irin na Amurka, namu kuwa mai ƙafa uku ne. Na ba ƙaramin yaron kuɗi ya sayo adafta a bakin titi. Babban cikinsu ya ce Oga bakin nan nata fa daban ne, anya? Na ce masa kai ka cika tsoro, wayar da yaron nan ya kawo wa ƴar uwarsa bara ba irin wannan bakin ne da cajarta ba, ba ga shi tana aiki ba? Kalmar nan ita nake ta maimaitawa a raina har yau. Na zura batir, na jona a bango, na danna makunni. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba sai ji muka yi tas! kamar an fasa leda, hayaƙi fari ya fito ta ramukan gefe, ƙauri ya cika shago. Babu wanda ya ce uffan. Mai walda ya ce Allah ya mayar da alheri ya koma wajen aikinsa, kuma na san dariya ya tafi yi.

Na kai ta France Road wajen wani dattijo mai gyaran kayan wuta. Bai ko ɗauko sukudireba ba, juya ta kawai ya yi ya miƙo min ya ce Malam ka yi boko ai, karanta min nan. Ƙananan rubutu ne a bayanta, 120V da 60Hz, shi ke nan, babu wata lamba. Ya zaro cajar wayarsa daga soket ya ce karanta wannan kuma, 100-240V. Ya ce to ka ga bambancin, cajar waya da ta laftof an yi su ne su ci kowace wuta a duniya, amma cajar injin aiki da aka yi wa kasuwar Amurka yawancinsu wutar can kaɗai suka sani, tasu 120 ce, tamu 220 zuwa 230, kusan ninki biyu ka ɗura mata. Adafta kuwa ba ta rage komai, baki kawai take sauyawa, wutar da ta shiga ita ke fita. Da ya buɗe ya nuna min kafasita ta kumbura ta tsage, an rubuta 200V a jikinta, ya ce a can idan aka daidaita wutar 120 tana tsayawa wajen 170 ne shi ya sa wannan ta ishe su, tamu kuwa in aka daidaita ta tana haura 320, ina za ta ɗauka. Fis ya tafi, wasu ƙananan kaya a kan allon sun yi baƙi. Na ce Baba a gyara mana, ya ce zan iya canza abin da ya ƙone amma ko ta tashi ta 120 ce dai, kuma ni ba na yi wa cajar litiyam dabara, wata rana shagonka za ta kama.

Sai da na ambaci giranda ya ɗago kai ya kalle ni sosai. Ka jona ta? Na ce a'a, ita ce ta biyu a layi. Ya ce to ka je ka yi sadaka. Injin da aka yi wa 120 in ka ba shi 230 gudu zai yi fiye da ƙima kafin ya ƙone, kuma faifan yanka akwai iyakar gudun da aka rubuta masa, in ya tarwatse a hannun yaro ba maganar caja ake ba. A nan ne jikina ya yi sanyi, don da cajar ba ta fashe ba tabbas babban yaron zan miƙa wa girandar ya gwada.

Kusan sati uku injina sababbi fil suna kwance a kwali, ɗan cajin da batiran suka zo da shi ya ƙare a wasan gwaji, na koma ɗaukar janareta kamar da, ga wani aikin kicin da na riga na cika baki na ce kwana huɗu zan gama. Abin da ya cece ni shi ne batir bai san ƙasa ba, shi da injin duk ba ruwansu da wutar bango, caja ce kawai ke da matsala, saboda haka in ka samu cajar kamfanin ɗaya wadda aka yi wa Turai ko Dubai mai 220-240V shi ke nan. Samun ta gaskiya ne aikin, jabu sun cika gari, wata ka ɗaga ta ka ji kamar kwalin ashana don rashin nauyi. Daga Legas aka turo min a ƙarshe, kuma da na haɗa kuɗinta da na mota da abin da na kashe a fetur cikin satittikan nan, rangwamen da na raba dare ina murna a kansa ya tafi gaba ɗaya har da ɗoriya. Duk saboda layi ɗaya na rubutu da ƙanin matata zai iya haska min a cikin daƙiƙa biyar da na ce ya juya kwalin.

Girandar kuma tana nan kan kanta ko sau ɗaya ba ta yi aiki ba. Na tambayi taransfoma mai sauke wuta zuwa 110, ƙarama da za ta ɗauki caja ba tsada, amma inji mai mota sai ka nemi wadda ta ninka ƙarfinsa saboda fizgar da yake yi in zai tashi, ga nauyi kamar bulo, ga kuɗinta ya kai na sabuwar girandar INGCO ko Total da zan saya a nan na jona kai tsaye. Wa zai riƙa jan wannan zuwa saman bene? Sannan mai walda ya gano min wani abin, zaren bakinta na inci ne, 5/8, namu na nan M14 ne, faifai yana shiga amma burushin waya da duk wani abu mai ɗaurin zare na kasuwarmu ba ya hawa.

Zarton ma da ɗan labarinsa. Arahar da na gani ashe don inji ne tsura, an rubuta tool only a kwalin, babu batir babu caja, kuma batiran da suka zo cikin wancan kwalin ƙanana ne masu 2Ah, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa, sun isa huda da ɗaure sukuru amma ka sa su yanka allon MDF mai kaurin milimita 18 yanzu za su kwanta. Haka suke haɗa kwalayen bikin, inji biyu a farashi mai daɗi da ƙaramin batir, sun san za ka dawo neman babba mai 5Ah kuma a nan kuɗin yake, ga shi na DeWalt ba ya shiga Makita, na Makita ba ya shiga Milwaukee, wanda ka fara saye ka auri gidansu ke nan. Kuma kar lambar 20V MAX ta ruɗi kowa, shi ne dai 18V ɗin da ake rubutawa a kayan Turai, ɗaya ya auna batir yana cike ɗaya ya auna shi yana aiki.

Akwatin sifana kuwa abokina makanike na kai wa don ya gani ya yaba, ya buɗe ya fashe da dariya, ya ce wannan ai na tsofaffin motocin Amurka ne. Duk na inci ne. Motocinmu na Japan lamba 10 da 12 da 14 da 17 da 19 suke ci, a cikin nawa 3/4 ce kawai ta zauna daidai a kan 19, ita 1/2 ta ƙi shiga 13 kuma a kan 12 sai ta riƙa zamewa tana cinye kan noti, lamba 10 kuwa da ko'ina ita ce babu mai kama ta ko kusa. Akwai irinsa na milimita a gefensa a shagon, kuɗi ɗaya, ƙanin matata ya ce ya ma tambaye ni wanne na ce ɗauko kowanne duk ɗaya ne. Ban tuna ba amma na yarda, don daren nan ba na jin komai sai farashi.

Abin mamaki tarkacen da na ɗauka a matsayin cikon kwali su ne suka biya ni. Kilam ɗin nan takwas kullum suna kan aiki, riƙonsu ba irin na waɗanda nake saye suna sakewa ba ne, cizal ɗin tun da na wasa su sau ɗaya suke aski, sukwayar daidai take cif. Babu waya, babu batir, babu abin da zai fashe. Tef ɗin inci ne zalla, bai dame ni sosai ba tunda mu dama da ƙafa da inci muke magana, falanki huɗu bisa takwas, sai dai in an zo ramin hinjin kabet mai milimita 35 na koma tsohon nawa. Shi ma injin hudar tunda ya samu caja ban sake ɗaukar janareta don ƙaramin aiki ba, ba zan yi masa ƙarya ba inji ne, amma duk sanda na zura batir a sabuwar cajar sai na tuna nawa ta tsaya min.

Da Nuwamba ta sake zagayowa ƙanin matata ya turo hotuna, Yaya an fara fa. Na ce masa batir babba guda ɗaya da ƙarin kilam, kuma duk abin da ke da waya a jikinsa ko kyauta suke rabawa kar ya ɗauko sai ya turo min hoton bayansa na karanta da idona. Ita kuma ƙonanniyar cajar na so na jefar, babban yarona ya karɓa ya rataye ta a ƙusa saman soket ɗin da abin ya faru, wai don sababbin yara. Ranar nan na ji shi yana nuna wa wani ƙarami da aka kawo koyon aiki, yana cewa ka ga wannan, wani ne ya jona bai karanta ba, yaron ya ce waye, ya ce wani ne dai, ba ka san shi ba, ni kuma ina gefe ina fiƙe fensir kamar ban ji ba.