Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Kiwon Ɓera

Masu tambayar shekarun da na yi ina koyarwa a Yaba, ku yi haƙuri, babu labari a cikinsu. Maganar Kawu ce ta hana ni sakat a makon nan.

Ranar sunan ɗan Yaya na biyu ya faɗe ta, a zauren gidanmu na Agege, gaban surukai: "Mu a Oko-Oba shanu muke kiwo, kai kuwa an kashe maka kuɗin boko ka ƙare a kiwon ɓera." Aka yi dariya. Baba bai yi ba, amma bai tanka ba, Kawu yayansa ne.

Ɓerayen da Kawu ya raina suna da tarihi. A 1949 aka ga wani iri a ɗakin binciken Jackson a Amurka, suna ci ba sa ƙoshi har su ninka 'yan'uwansu nauyi. Sai a 1994 Jeffrey Friedman ya gano dalili: kitsen jiki da kansa yana fitar da wani sinadari, leftin, ya bi jini ya je can gindin ƙwaƙwalwa ya ba da labarin cewa akwai ajiya, a rage ci. Su waɗannan ɓeraye ba su da shi. A 1997 kuma aka samu yara biyu 'yan asalin Pakistan a Kambirij da matsalar nan. Da aka fara yi wa irinsu allurar leftin, yunwar ta kwanta.

To amma yawancin masu ƙiba leftin ɗinsu a cike yake, ƙwaƙwalwar ce ba ta sauraro. Nan aikina yake, a kan makarɓan saƙo, wato wuraren da ke karɓar saƙo a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, musamman wadda ake kira MC4R, mai karɓar saƙon a rage ci bayan leftin ya isar da nasa. Kullum bayan asuba ina ɗakin dabbobi, in auna abincin da ya rage a kowane keji, in tsince har ɓurɓushin da ya zube cikin dussar katako, don giram ɗaya yana iya ɓata lissafin mako. Wannan shi ne kiwon ɓeran.

Ban taɓa gaya wa Kawu cewa saboda Yaya nake yi ba. Kun san ta. Tun tana 'yar shekara biyar take da jiki, Inna har ɓoye tukunya take yi. A gidan miji dangi suka sa mata suna, wai kwaɗayi ne da rashin ta ido. Matar da ke azumin Litinin da Alhamis! Ta taɓa ce mini, "Ƙanena, wallahi ko na tashi daga kan kwano ji nake kamar ban ci ba. Wa zan gaya wa ya yarda?" Ni na yarda. Ba a taɓa gwada jininta don wannan ba, ciwon suga ya riga mu. Allah Ya jiƙan ta.

Yanzu ga allurar Ozempic mai rage yunwa, mai kwaikwayon sinadarin GLP-1 da hanji ke fitarwa bayan cin abinci, matan Ikoyi da Lekki suna ta nema. Mace mai sayar da tuwo a Mile 12 ina za ta samu kuɗinta? Wannan yana ci mini rai fiye da maganar Kawu, kodayake ita ma ba ta sake ni ba. Da ciwon suga ya kama shi, ni ya aiko a kira in duba masa takardun asibiti. Na je, na durƙusa na gaishe shi, na karanta masa. Bai janye maganarsa ba har ya koma ga Allah.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin daren da wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, muka kwashi samfuran jini zuwa wurin masu sayar da kifin ƙanƙara.