Abin da zaɓen Tudun Wada da Doguwa ya koya mini game da ƙuri'ar karkara

A zaɓen 2023 na yi aiki da wata ƙungiyar sa ido, kuma rabona ya faɗa kudancin Kano. Aikina shi ne karɓar rahoto daga mutanenmu da ke rumfunan zaɓe a mazaɓar tarayya ta Tudun Wada da Doguwa, in haɗa, in tura gaba. Mazaɓa ce ta manoma, masu masara da shinkafa, ga dajin Falgore a tsakiyarta, ga duwatsun Riruwai can ta wajen iyakar Kaduna da Bauchi. Kujera ɗaya ce cikin kujeru 360 na Majalisar Wakilai, amma a waccan shekarar ta fi yawancinsu shiga bakin jama'a, domin mai riƙe da ita, Alhassan Ado Doguwa na APC, shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar a lokacin, ga kuma guguwar NNPP ta taso a Kano.

Babban abin da na koya shi ne, a karkara takarda ce ke riƙe zaɓe. Kafin ranar 25 ga Fabrairu kowa maganar BVAS yake yi, na'urar da ke tantance mai zaɓe da yatsa ko da fuska, da kuma shafin IReV inda za a ɗora hoton sakamako. Tantancewa ba ta buƙatar sabis, don haka na'urar tana aikinta ko a ƙauyen da waya ba ta shiga. Ɗora hoton kuwa sai da sabis. To, a rumfar da sai mutum ya hau tudu kafin ya samu layi, abin da ya rage shi ne fom EC8A, wanda jami'in rumfa ke cikewa a gaban jama'a, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba kowa kwafinsa. Daga nan takardar ta hau babur zuwa cibiyar tattara sakamako ta mazaɓar kansila, a zuba ta cikin EC8B, sannan ta wuce ƙaramar hukuma. Tsakanin rumfa da wannan cibiya ne hankalin duk mai sa ido ya kamata ya tsaya, saboda tafiya ce mai nisa, galibi bayan magariba, kuma idon jama'a ya riga ya watse.

Shi ya sa a ganina wakilin jam'iyya da ya iya karatu da lissafi, ya kuma zauna har a manna sakamako a bango, ya fi wa ɗan takara amfani a kan mota goma ta masu kiɗa da kirari. Jam'iyyu da dama sukan ba da wannan aiki a matsayin ihsani ga wanda ake so ya samu na cefane. Ranar da aka je kotun sauraron ƙararrakin zaɓe kuwa, alƙali kwafin nan zai nema, kuma ba za a karɓi "wallahi mu muka ci a garinmu" a madadinsa ba.

Akwai ƙa'idoji biyu da mutanen birni ba su cika damuwa da su ba, amma a irin wannan mazaɓa su ne ke juya lamari. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce idan ƙuri'un da aka kaɗa a rumfa suka zarce adadin waɗanda aka tantance, a soke rumfar. Sannan idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke ko ba a yi zaɓe ba, ba za a bayyana wanda ya ci ba sai an sake a wuraren. Kanawa sun san wannan tun zaɓen gwamna na 2019 da abin da ya faru a mazaɓar Gama ta cikin birnin Kano, inda aka soke sakamako aka sake zaɓe. Idan aka haɗa ƙa'idojin biyu, ƙauyen da ɗan takara bai taɓa takawa ba yana iya zama shi ne zai yanke hukunci. Wanda ya ga alamar faɗuwa kuma ya san cewa tarwatsa rumfa kaɗan zai iya sayo masa lokaci, kuma rumfar da ta fi sauƙin tarwatsawa ita ce wadda jami'an tsaro suka fi nisa da ita.

Ƙarancin takardun naira na lokacin ma ya shiga cikin aikin. Ɗan acaɓa a ƙauye ba ruwansa da tiransifa, kuɗi yake so a hannu, mai POS kuma ya tsawwala. Duk wanda ya tsara aikin sa ido a ofis a Kano ba tare da ya tanadi tsabar kuɗin mai ba, mutanensa a ƙafa suka ƙare.

Wani abin da ya gyara mini tunani shi ne yadda mai zaɓen karkara ke rarrabe ƙuri'unsa. A ranar takardu uku ake ba mutum, ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai. Ana yawan cewa ƙauye "sak" yake yi, tsintsiya daga sama har ƙasa ko kwandon kayan marmari daga sama har ƙasa. Ni abin da na ji a bakin mutane ya sha bamban. Shugaban ƙasa a rediyo suke jinsa, ɗan majalisa kuwa suna auna shi da rijiyar burtsatse, da buhun taki, da wanda ya samar wa ɗansu aiki, da ko ya zo gaisuwar mutuwa. A Kano ta Kudu, wadda ƙananan hukumomin nan biyu ke cikinta, Kawu Sumaila na NNPP ne ya kayar da Kabiru Gaya a kujerar sanata, amma kujerar wakilai ta Tudun Wada da Doguwa ta bi wata hanyar.

Hanyar kuwa ba ta yi daɗi ba. An yi rikici a Tudun Wada, an rasa rayuka, magana ta kai ga 'yan sanda da kotu. An fara bayyana Doguwa a matsayin wanda ya yi nasara, daga baya INEC ta cire sunansa daga jerin zaɓaɓɓu, ta ce an yi sanarwar ne bisa tursasawa. Sashe na 65 na Dokar Zaɓe ta 2022 ne ya ba hukumar ikon sake duba irin wannan sanarwa cikin kwana bakwai, ikon da ba ta da shi a zaɓukan baya. Aka koma rumfunan da suka rage ranar 15 ga Afrilu, cikin azumi, inda Doguwa ya kammala da ƙuri'u 41,573, Yusha'u Salisu na NNPP kuma 34,831.